Me Ya Sa "Ya Saya" Ke Da Fuska Biyar a Harshen Filifino?

Ɗaliban Nijeriya da ke zuwa karatun likitanci ko aikin jinya a ƙasar Filifin, da 'yan'uwanmu da ke aiki tare da 'yan ƙasar a asibitoci da shagunan Saudiyya da Dubai, ƙorafinsu game da harshen mutanen nan kusan iri ɗaya ne. Gaisuwa ba ta da wuya. Cikin mako guda mutum ya iya *kumusta* da *salamat*, ya iya taya kaya a kasuwa, har ya fara ganin ai abin ba wani abu ba ne. Sai ya iso kan aikatau, to nan ake yin ta. Ya tambayi yadda ake cewa "ya saya", wannan ya ce masa *bumili*, wancan ya ce *binili*, gobe ya ji *binilhan* a bakin shago, jibi ya ga *ibinili* a littafi. Duk huɗun daidai ne, duk huɗun aikin da aka riga aka gama suke nufi, kuma ba a sa ɗaya a gurbin ɗaya yadda aka ga dama.

To mene ne ya raba su? Amsoshin da aka fi ji guda uku ne. Wasu su ce lokuta ne daban-daban. Wasu su ce irin juya jimlar nan ce da malaman Turanci ke kira passive. Wasu kuma su ce jaddadawa ce kawai, kamar mu ce "Audu ne ya saya". Kowace daga cikin ukun tana da ɗan ƙamshin gaskiya, kuma kowace tana iya ɓatar da mai koyo wata da watanni.

## Wane harshe ke nan?

Filifin ƙasa ce ta tsibirai fiye da 7,600, mutanenta sun kai miliyan 109 a ƙidayar 2020, harsunanta kuma sun haura 100. A 1937 shugaba Manuel L. Quezon ya ayyana Tagalog, harshen Manila, babban birnin ƙasar, da kewayenta, a matsayin ginshiƙin harshen ƙasa. A 1959 aka sa masa suna Pilipino, sannan kundin tsarin mulkin 1987 ya kira shi Filifino, ya jera shi da Turanci a matsayin harsunan hukuma. Ana gardama har gobe kan ko Filifino da Tagalog abu ɗaya ne, musamman a bakin masu harshen Sebuwano da Ilokano waɗanda ke ganin an fifita Manila a kansu. Amma a fagen aikatau babu wani bambancin a zo a gani, don haka duk abin da za a faɗa a nan ya shafi duka biyun.

## Kalmomi uku da ke riƙe da jimla

A Hausa jerin kalmomi ne ke faɗa mana wanda ya yi aiki da wanda aikin ya faɗa wa. "Kare ya ciji yaro" daban, "yaro ya ciji kare" daban, alhali kalmomin ba su canza ba. Filifino ba ta dogara da jeri haka ba. Aikatau ne ke zuwa farko, sunaye su biyo baya, kuma kowane suna yana tafe da wata 'yar kalma a gabansa mai nuna matsayinsa. Kalmomin su ne *ang*, *ng* da *sa*. Ita *ng* ɗin *nang* ake furta ta, kuma ƙarshenta ba baƙo ba ne a bakin Bahaushe, irin sautin da muke rufe "nan" da "can" da shi ne. Idan sunan mutum ne, sai ukun su koma *si*, *ni* da *kay*.

*Sa* ta fi sauƙi: wuri, ko inda abu ya nufa, kamar "a" da "ga" da "zuwa". *Ng* tana gaban sauran sunayen da ke da hannu a aikin, ko mai yi ko abin da aka yi wa. Ita kuwa *ang*, suna ɗaya tak take tsayawa a gabansa a matsayin jigon jimla. Kuskuren farko shi ne a ɗauka *ang* na nufin "mai aikin". Ba ta faɗin haka. Abin da take faɗa shi ne: wannan sunan aikatau yake fuskanta. Ko shi ya yi aikin, ko shi aka yi wa, ko a wurinsa aka yi, ko dominsa, wannan bayani yana jikin aikatau ɗin.

Shi ya sa na fi son in kira abin da alƙiblar aikatau. A makarantun Filifin sunansa *pokus ng pandiwa*, inda *pandiwa* ke nufin aikatau.

## Mutum ɗaya, kifi ɗaya, jimla biyar

Mu ɗauki saiwar *bili*, wadda ta ƙunshi ma'anar saye. Ga namiji, *lalaki*. Ga kifi, *isda*. Ga shago, *tindahan*. Ga yaro, *bata*. Ga kuɗi, *pera*.

*Bumili ang lalaki ng isda sa tindahan.* Mutumin ya sayi kifi a shago. Alƙibla tana kan mai saye.

*Binili ng lalaki ang isda sa tindahan.* Mutumin ya sayi kifin a shago. Alƙibla ta koma kan kifin.

*Binilhan ng lalaki ng isda ang tindahan.* Yanzu shagon ne jigo: shagon, mutumin ya sayi kifi a cikinsa.

*Ibinili ng lalaki ng isda ang bata.* Yaron, mutumin ya saya masa kifi.

*Ipinambili ng lalaki ng isda ang pera.* Kuɗin, mutumin ya sayi kifi da su.

Abin da ya faru a shagon bai canza ba ko sau ɗaya. *Ang* ce ke yawo daga suna zuwa suna, kuma duk inda ta sauka sai aikatau ya canza riga don ya sanar da matsayin wanda ta sauka a kansa. Ɗafin *-um-* yana cewa wanda ke bayan *ang* shi ne aikau, wato mai yin aikin. Ɗafin *-in* yana cewa karɓau ne, wato abin da aikin ya faɗa wa. *-an* yana nuna wuri ko wanda aikin ya nufa, *i-* wanda aka yi dominsa, *ipang-* kuma kayan aiki. Akwai ma na dalili, *ika-*, kamar a *ikinamatay*, wato abin da ya yi sanadin mutuwa.

Lura da inda *-um-* ta shiga: *b-um-ili*, a cikin cikin kalmar, bayan baƙin farko. Ɗafa-ciki ke nan, irin wanda muke gani a "turmi" da "turame", ko "birni" da "birane". Idan saiwar da wasali ta fara, sai ɗafin ya tsaya a goshi, kamar *umalis*, ya tafi. Wannan shi ke wahalar da mai neman kalma a ƙamus, domin wanda ya ji *kumain* zai je yana lalube a ƙarƙashin "kum", alhali saiwar *kain* ce, ci.

Wakilan suna su ma kashi uku ne, suna bin sawun *ang*, *ng* da *sa*. "Ni" tana iya zama *ako*, ko *ko*, ko *akin*. A nan ne ake yin kwaɓar da ke sa 'yan ƙasa dariya. *Kumain ako* na nufin na ci abinci. *Kinain ko* na nufin na ci shi, wani abu sananne. Amma baƙon da ya gauraya su ya ce *kinain ako*, to ya sanar da jama'a cewa an cinye shi. Haka *tinawag ko*, na kira shi, da *tinawag ako*, an kira ni. Wasali ɗaya ne tsakaninsu.

## Batun lokaci, wanda ya fi yadda ake zato sauƙi

Alƙibla ɗaya ce daga cikin abubuwa biyu da aikatau ke ɗauke da su. Na biyun shi ne halin da aikin yake ciki, kuma a nan Bahaushe ya fi Bature sa'a. Aikatau na Filifino ba ya cewa jiya ko yau. Tambayoyi biyu yake amsawa: an fara aikin? An gama shi?

Alamar an fara ita ce ɗafa-cikin *-in-*, ko kuma *m* ta farkon ɗafi ta koma *n*. Alamar ba a gama ba ita ce ninka gaɓar farko ta saiwa. Da waɗannan biyun ake gina komai. Saiwar *luto*, dafawa, ta ba da *magluto* a matsayin siffar asali da ta umarni. *Nagluto*, ya dafa, an fara kuma an gama. *Nagluluto*, yana dafawa, an fara ba a gama ba. *Magluluto*, zai dafa, ba a ma fara ba. A alƙiblar karɓau ta *bili* kuma: *bilhin*, *binili*, *binibili*, *bibilhin*. Ka ga ɗafa-ƙeyar *-in* tana faɗuwa da zarar ɗafa-cikin *-in-* ya shigo, amma *-an* ba ta faɗuwa, shi ya sa muka samu *binilhan*. Masu *-um-* su ne ke da 'yar gardama: *bumili* tana nufin "saya" ta umarni da kuma "ya saya", sai *bumibili*, yana saye, sai *bibili*, zai saya, inda *-um-* ɗin ta ɓace gaba ɗaya.

Idan ɗan Filifin ya ce *kumakain ako kahapon nang dumating siya*, daidai yake da mu ce "jiya ina cin abinci ya zo". "Ina" ɗinmu ba ta damu da jiya ko yau ba, ci-gaban aiki take nunawa, haka ma *kumakain*. Tarkon da ke jiran Bahaushe shi ne ninkin. Mu idan muka ninka gaɓa muka ce "ya kakkama" ko "ya sassayi", yawan aiki muke nufi. A can ninkin gaɓar farko rashin kammaluwa yake nunawa.

Daga wannan ninkin ne aka samu raha da kowa ya sani a Manila. Saiwar sauka ita ce *baba*, "zai sauka" kuma *bababa*, alamar tambaya ita ce *ba*. Mutum yana tsaye a bakin lif, ƙofa ta buɗe, ya tambayi na ciki: *Bababa ba?* Su amsa: *Bababa.* Cikakkiyar hira ce, ƙasa za a yi? Ƙasa za a yi. Bahaushen da ke gefe zai ɗauka wani ne ke kiran mahaifinsa da in'ina.

Akwai sauƙi guda da ya kamata a ambata. Aikatau ba ya canzawa saboda mace ko namiji, ko ni ko kai. *Siya* ita ce "shi", ita ce "ita". Babu ruwan mai koyo da rarrabe "ya" da "ta".

## Me ya sa ba passive ba ce?

A Turanci, idan aka juya jimla aka sa karɓau a gaba, mai aikin yakan koma gefe, sau da yawa ma a jefar da shi, kamar yadda mu muke cewa "an sayi kifi" ba tare da faɗin wa ya saya ba. Kuma jimla ce ta lokaci-lokaci, ba ita ce abincin yau da kullum ba. *Binili ng lalaki ang isda* ba haka take ba. Mai sayen yana nan daram, ba a rage masa daraja ba. Kuma waɗanda suka bi labarai da hirarrakin Tagalog suna ƙirga jimloli sun tarar cewa idan aiki yana da mai yi da abin da aka yi wa, alƙiblar karɓau ta fi ta aikau yawa. "Ina son ka", "na gan shi", "kawo shi", duk ta wannan hanya ake faɗin su. Har umarni: *Bilhin mo ang isda*, sayi kifin.

To me ke sa mai magana ya zaɓi wannan ya bar waccan? Babban dalili Bahaushe ya san shi tun yana goye. Mu muna bambanta "na sayi littafi" da "na sayi littafin". Ƙaramar *-n* ɗin nan tana cewa littafin da ni da kai muka sani. Filifino da aikatau take yin wannan aiki. *Bumili ako ng libro*, na sayi littafi, wani dai. *Binili ko ang libro*, na sayi littafin. A mafi yawan lokuta, idan karɓau sananne ne, shi ke karɓar *ang*, aikatau kuma dole ya juya ya fuskance shi. Wannan ne ya sa ba za ka iya cewa "na gan ka" ko "na kira Mariya" da alƙiblar aikau cikin sauƙi ba, domin babu abin da ya fi "kai" da "Mariya" zama sananne.

Ga ɗalibin jinya wannan ba wasan nahawu ba ne. *Uminom ka ba ng gamot?* na nufin "ka sha magani?", kowane iri. *Ininom mo ba ang gamot?* na nufin "ka sha maganin?", wanda likita ya rubuta. Majinyacin da ya sha wani abu da ya sayo da kansa zai iya amsa ta farko da "e" cikin gaskiya, alhali bai taɓa wanda aka ba shi ba.

Dalili na biyu ya fi wannan tsauri, domin doka ce da ba ta da makawa. A Filifino, sunan da ke riƙe da *ang* ne kaɗai ake iya yin tambayar "wa" ko "me" a kansa, shi kaɗai kuma ake iya siffantawa da "wanda" ko "abin da". In kana tambayar mai saye, sai ka ce *Sino ang bumili ng isda?*, wa ya sayi kifi. In abin da aka saya kake tambaya, tilas aikatau ya juya: *Ano ang binili ng lalaki?*, me mutumin ya saya. "Mutumin da ya sayi kifi" shi ne *ang lalaking bumili ng isda*, "kifin da mutumin ya saya" kuma *ang isdang binili ng lalaki*. Wanda ya ce shi alƙiblar aikau kaɗai zai haddace don ya huta, ba zai iya tambayar abokinsa "me ka saya?" ba.

## Sunan da ke yaudara

Kalmar *pokus* daga Turanci aka aro ta, inda take nufin mai da hankali a kan abu. Sunan ya sa mutane da yawa suna zaton *ang* tana jaddada suna ne, irin aikin "ne" da "ce" a wurinmu. Akasin haka ya fi kusa da gaskiya. Idan muka ce "Audu ne ya saya", Audu shi ne sabon labari, shi muke so mai sauraro ya kama. Sunan da ke bayan *ang* kuwa yawanci tsohon labari ne, abin da aka riga aka sani ake ƙara bayani a kansa. Idan ɗan Filifin yana son ya yi irin jaddadawarmu, wata hanya yake bi: ya ɗauko sunan ya kai gaba, ya ce *Si Juan ang bumili*, Juan ne ya saya, *Isda ang binili niya*, kifi ne ya saya. Ko a nan ɗin ma aikatau sai ya fuskanci wanda aka fitar.

## Gardamar masana

Shekara 400 ke nan ana jayayya a kan wannan tsari. Limaman Kirista 'yan Sifaniya, waɗanda ƙasarsu ta mulki tsibiran daga 1565 zuwa 1898, su suka fara rubuta nahawun Tagalog, kuma da ma'aunin Latin suka auna shi. Littafin Francisco Blancas de San José na 1610 da waɗanda suka biyo bayansa sun ga jimlar aikau guda ɗaya da passive har iri uku, ta *-in*, ta *i-* da ta *-an*. Masanin harshe Ba'amurke Leonard Bloomfield, a aikinsa na 1917, bai kauce wa wannan rabo ba. Matsalar a bayyane take: wane irin harshe ne zai zama mafi yawan maganarsa a juye take?

Daga tsakiyar ƙarni na 20 aka fara amfani da kalmar da ta zama *pokus*, don a tsere wa tarkon Latin. Paul Schachter da Fe Otanes sun fitar da babban nahawunsu a 1972, wanda har yanzu ake komawa gare shi. A 1976 kuma Schachter ya tayar da tambayar da ta girgiza fagen: shin Tagalog tana ma da abin da nahawun Turai ke kira jigon jimla guda ɗaya? Ya nuna cewa siffofin da ke taruwa a kan suna ɗaya a Turanci, a Tagalog raba su aka yi gida biyu. Wasu suna hannun mai *ang*, kamar dokar tambaya da muka gani. Wasu kuma suna hannun mai aikin ko da bai riƙe *ang* ba: shi ake ba umarni, kuma shi "kansa" ko "kanta" ke komawa gare shi, kamar a *Tiningnan ng babae ang sarili niya*, matar ta dubi kanta.

Daga nan aka rabu. Wasu, irin su Paul Kroeger, sun ce mai *ang* shi ne jigon, a daina wahala. Wasu sun ce an karanta harshen a kife ne tun farko: *binili* ita ce jimlar asali, *bumili ng isda* ita ce juyayyiya, wato Tagalog tana cikin harsunan da ke haɗa karɓau na aikatau so-karɓau (irin "saya") da aikau na ƙi-karɓau (irin "tafi") a aji ɗaya, kamar harshen Bask na Sifaniya da Faransa. Kashi na uku sun ce babu ta asali babu juyayyiya, duk alƙiblun ɗaya suke a daraja, tunda kowace sai an ɗafa wa saiwa wani abu kafin a same ta. A ganina wannan ra'ayi na uku ya fi amfanar mai koyo, ko da masana ba su gama da shi ba, domin yana hana shi ɗaukar wata siffa a matsayin "ta gaskiya" sauran kuma ƙari.

Tsarin ba na Tagalog kaɗai ba ne. Gado ne na dangin harsunan Ostiraneshiya, ana samun sa a Sebuwano da Ilokano da Maranao na Musulmin Mindanao, da harsunan 'yan asalin Taiwan. Har gefen Afirka ya iso: harshen Malagasi na Madagaska, wanda kakannin masu shi suka tsallako teku daga yankin Indonesiya, yana da irinsa. Harshen Indonesiya kuwa ya rage nasa zuwa biyu.

## Inda doka ke yoyo

Da a ce kowane ɗafi aiki ɗaya yake yi, da an gama a nan. Ba haka abin yake ba, kuma wannan ne ainihin wahalar. Karɓau ba kullum *-in* yake ɗauka ba. "Buɗe shi" *buksan* ce, "wanke shi" *hugasan*, duk da *-an*. "Bayar da shi" *ibigay* ce, da *i-*, yayin da *bigyan* ke fuskantar wanda aka ba. Ana iya hango wani tsari a ciki: abin da aiki ya cinye ko ya canza gaba ɗaya yakan ɗauki *-in*, abin da ya bar hannun mai aiki ya tafi yakan ɗauki *i-*, abin da aka taɓa samansa kawai yakan ɗauki *-an*. Amma hasashe ne mai taimako, ba ƙa'idar da za a rantse a kanta ba. Ita ma *binilhan* ɗin da muka ce ta shago ce, a bakin mutane tana nufin "saya wa": *binilhan ko siya ng damit*, na saya mata riga.

Alƙiblar aikau ma ba *-um-* kaɗai gare ta ba. Akwai *mag-*, akwai *mang-*, akwai *ma-*. Wasu saiwoyin ɗaya suke karɓa, wasu biyu, kuma idan biyun ne ma'ana takan canza. A nan ne na ga abin da ya fi ba ni mamaki a matsayina na Bahaushe. *Lumabas* fita ce, *maglabas* fitarwa. *Pumasok* shiga, *magpasok* shigarwa. *Tumayo* tsayawa, *magtayo* tsayarwa ko ginawa. *Bumili* saye, *magbili* sayarwa, ko da yake yau an fi jin *magbenta* da aka aro daga Sifaniyanci. Fita da fitar, shiga da shigar, tsaya da tsayar, saya da sayar: wanda ya karanta giredin aikatau bakwai, wato azuzuwan da masanin harshe F. W. Parsons ya tsara wa Hausa a 1960 zai gane giredi na biyar nan take. Harsunan biyu ba su haɗa dangi ba ko ta nesa, kowane da kansa ya iso wannan dabara. Kuma mu da muke cewa "ya saya", "ya sayi kifi", "ya saye shi", "ya sayo", "ya sayu", bai kamata mu yi wa kowa kallon mai wahalar aikatau ba.

Sai rukunin *ma-* da *maka-*, mai nuna iyawa ko abin da ya faru ba da niyya ba. *Binasag ko ang baso*, na fasa kofin, da gangan. *Nabasag ko ang baso*, ya fashe a hannuna. Ma'aikacin da ke bayani ga maigidansa ya san cewa tsakanin biyun akwai albashin wata. Rukunin ne kuma ke tabbatar da cewa aiki ya ci. Ɗan Filifin zai iya cewa *itinulak ko ang bato, pero hindi ko naitulak*, kuma babu tufka da warwara a ciki. A Turanci jimlar ba ta zaunawa, amma mu muna da ita: na tura dutsen amma bai turu ba.

## Abin da ake ji a titi

Maganar Manila ta yau cike take da Turanci, abin da suke kira Taglish, sai mutum ya yi zaton tsarin alƙibla zai narke. Bai narke ba, haɗiye baƙin kalmomin yake yi. Mu idan muka ari kalma yawanci da "yi" muke tallafa mata, mu ce na yi caji, na yi fostin. Su kuwa ɗafi suke cusa mata har ciki: *nag-text ako*, na aika saƙo; *i-text mo siya*, aika masa; *tinext kita*, na aiko maka. Ka ga *-in-* ta tsaga kalmar Turanci ta zauna a tsakiyarta. Ita *kita* ɗin nan kalma ce guda mai ɗauke da "ni" a matsayin mai yi da "kai" a matsayin mai *ang*, ita ce a *mahal kita* da masu kallon fina-finan ƙasar suka haddace.

Baki yana kuma yanke abin da littafi ya tsawaita. *Ibinigay* takan koma *binigay*. Littafin makaranta ya ce *makabibili*, zai iya saye, titi ya ce *makakabili*, malamai suna ta gyara yara ba su fasa ba. A gayyata da talla sau da yawa saiwa tsirara ake jefowa: *Kain tayo*, mu ci abinci, *Bili na*, a zo a saya. Akwai kuma siffar aikin da aka gama yanzun nan, *kararating ko lang*, isowata ke nan, wadda ba ta da *ang* ko ɗaya a cikinta, abin da ke ƙara wa masu gardamar jigon jimla ciwon kai.

Ga wanda zai zauna a ƙasar, abin da ya fi yi masa amfani shi ne ya daina haddace aikatau ɗaya-ɗaya. Kowace saiwa a koye ta da ƙafa biyu, tare da wakilin sunan da ke bin kowace: *kumain ako* da *kinain ko*, *uminom ako* da *ininom ko*, *nagbigay ako* da *ibinigay ko*. Alƙiblar kayan aiki da ta dalili za su iya jira, ba su cika fitowa a hirar yau da kullum ba. Waɗanda ba za su jira ba su ne ƙananan ɗafe-ɗafen ladabi, *pa-* da *paki-* da *maki-*, tare da *po* ta girmamawa. A ɗan shagon unguwa *pabili po* ake cewa kafin a ambaci abin da ake so. Mai ratsawa ta tsakanin mutane ya ce *makikiraan po*. A cikin jifni, motar hayar da fasinjoji ke zama layi biyu suna fuskantar juna, na baya yakan miƙa kuɗinsa ga na kusa da shi ya ce *pakiabot po*, kuɗin su bi hannu-hannu har su isa wurin direba, canji ma ya dawo ta hanyar da suka bi.